Darasi: Zaɓen Ƙwaƙwalwar Inji Idan An Sauya wa Mota Inji

MANUFOFIN DARASI

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya:

1. Bayyana aikin ƙwaƙwalwar inji da abubuwan da take sarrafawa.
2. Bambance hanyoyi uku na ba inji ƙwaƙwalwa bayan an ɗora shi a wata motar.
3. Duba inji ya ƙirga abin da yake bukata kafin a fitar da kuɗi.
4. Lissafa kuɗin aikin gaba ɗaya, har da na waya da na saiti.
5. Gane lokacin da bai kamata a sayi ƙwaƙwalwar kasuwa ba.

AIKIN ƘWAƘWALWAR INJI

Injin fetur yana bukatar abu uku kafin ya tashi: iska, mai, da wuta a fulogi. A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, kabureta ce ke gauraya iska da mai, distiribita kuma ta raba wuta. Motocin da suka biyo baya sun miƙa ayyukan nan biyu ga wata ƙaramar kwamfuta, wadda a gareji ake kira birenbos, a takardun kamfani kuma ake rubuta ECU. Kamfanin Bosch na Jamus ya fitar da tsarin fesa mai da lantarki mai suna D-Jetronic a 1967 a motar Volkswagen. A 1979 ya haɗa mai da wuta a akwati guda, tsarin Motronic, wanda ya fara fitowa a motar BMW.

Ƙwaƙwalwar ba ta ganin inji da kanta. Sensa-sensa ne ke kai mata labari: saurin juyawar karanshaf da inda fistin yake, yawan iskar da ta shiga, zafin ruwan lagireto, zafin iska, yadda direba ya taka totur, da abin da ya fita ta salansa. Da wannan labari take yanke shawara biyu. Ta farko, tsawon lokacin da nozul zai buɗe ya fesa mai. Ta biyu, lokacin da koyil zai saki wuta.

Ku lura da saurin aikin. Inji mai fulogi 4 yana ba da wuta sau 2 a kowane juyi. Idan yana juyi 3,000 a minti, wuta 6,000 ke nan a minti, wato 100 a kowace daƙiƙa. Kowace ɗaya sai ta zo a kan lokacinta.

AKWATI NA 1: MUHIMMAN KALMOMI
Ƙwaƙwalwar inji (birenbos): kwamfutar da ke auna mai da lokacin wuta.
Sensa: na'urar da ke auna wani abu a inji ta aika wa ƙwaƙwalwa.
Damin waya: tarin wayoyi da soket-soket da ke haɗa ƙwaƙwalwa da inji.
Jadawali: lambobin da aka ajiye a ƙwaƙwalwa, masu gaya mata yawan mai da lokacin wuta a kowane gudu da kowane nauyi.
Saiti: aikin gyara waɗannan lambobi har su dace da injin.

ME YA SA SAUYA INJI KE KAWO MATSALA

Idan injin mota ya buga aka sayo irinsa sak, mai lamba ɗaya da shekara ɗaya, babu wata magana. A mayar da soket, tsohuwar ƙwaƙwalwa ta ci gaba da aikinta. Matsala tana farawa ne idan injin da aka sayo na wata mota ne dabam. Ƙwaƙwalwar kamfani kamar riga ce da tela ya ɗinka bayan ya auna mutum ɗaya: wani zai iya zura ta, amma ba za ta zauna masa ba. Jadawalinta an rubuta shi ne don girman silindar wancan injin, girman nozul ɗinsa da irin sensa ɗinsa. Idan aka haɗa ta da baƙon inji, ko dai ya ƙi tashi gaba ɗaya, ko ya tashi yana shan mai yana hayaƙi, ko kuma ya riƙa samun mai ƙasa da bukatarsa har ya ƙone fistin.

A nan ne wasu garejoji ke bin gajeriyar hanya: a cire nozul da sensa, a ɗora kabureta da distiribita. Motar za ta tashi, ba a musun wannan. Amma an zubar da abin da ya sa injin ya yi kyau tun farko. Shan mai yakan ƙaru, ƙarfi ya ragu, giya otomatik ta rikice saboda ta rasa mai ba ta umarni. A ra'ayin marubucin wannan darasi, mayar da injin zamani kabureta asara ce da mai mota zai riƙa biya a gidan mai kowace rana, musamman tun da aka janye tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023.

HANYOYI UKU

Hanya ta farko ita ce a kawo inji tare da ƙwaƙwalwarsa ta asali. A manyan kasuwannin kayan mota kamar Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja da Ladipo a Legas, injin tokumbo yakan zo tsirara, an datse masa waya da almakashi. Wanda ya san abin da yake yi ba ya karɓar haka. Zai nemi inji da cikakken damin wayarsa, ƙwaƙwalwarsa, sensar iska, fedar totur idan ta lantarki ce, da makulli. Mafi kyau ma a sayi haf-kot, wato gaban motar da aka yanko da komai a jikinsa.

Maganar makulli tana da muhimmanci. Tun 1998 doka a Jamus da Ingila ta wajabta sa imobilaiza a sababbin motoci, kuma yawancin injinan da ke shigowa daga Turai suna da ita. A cikin makullin akwai wani ɗan ƙwaya mai lambar sirri. Idan ƙwaƙwalwa ba ta ji wannan lamba ba, za ta hana mai ko wuta, kome kyawun wayar da aka yi. Saboda haka ƙwaƙwalwa, makulli da zoben da ke karanta makullin dole su fito daga mota ɗaya, ko kuma a sami gwani ya sake haɗa su da kwamfuta.

Amfanin wannan hanya babba ne. Injiniyoyin kamfani sun gwada jadawalin nan a sanyi da zafi, a tudu da kwari, da fetur mai kyau da maras kyau. Babu mai saitin da zai zauna da motarku kwana biyu ya kamo wannan aiki. Ga motar haya, motar gida da motar gona, wannan hanya ce ta fi dacewa a mafi yawan lokuta.

Hanya ta biyu ita ce 'yar goyo. Ana barin ƙwaƙwalwar asali a wurinta, sai a sa wata ƙarama tsakaninta da inji, tana sauya saƙon da ke wucewa. Da yawa daga cikinku sun ga irinta ba tare da sun sani ba: motocin da ake mayarwa amfani da iskar gas ta CNG suna da ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke sauraron umarnin da birenbos ke aika wa nozul ɗin fetur, sai ta juya shi zuwa umarni ga nozul ɗin gas. Ku lura cewa motar da aka mayar kabureta ba za ta karɓi irin wannan tsarin gas ɗin ba, tunda babu umarnin nozul da za a saurara. 'Yar goyo tana da amfani idan gyaran kaɗan ne. Iyakarta ita ce, duk abin da ƙwaƙwalwar asali ta ƙi yarda da shi, ita ma ba ta da yadda za ta yi.

Hanya ta uku ita ce ƙwaƙwalwa mai cin gashin kanta. Ana cire ta kamfani gaba ɗaya, a sa wata da aka ƙera don a iya rubuta mata kowane jadawali ta kwamfuta. Haltech da MoTeC daga Ostireliya suke, Link daga New Zealand, ECUMaster daga Poland, MaxxECU daga Suwidin, FuelTech daga Brazil, Holley daga Amurka. Akwai MegaSquirt, wadda Bruce Bowling da Al Grippo suka fitar a Amurka a 2001 don masu son haɗa abinsu da hannu, da Speeduino, wadda aka gina a kan allon Arduino kuma tsarinta a buɗe yake ga kowa. A Afirka ta Kudu akwai Spitronics da Dicktator, waɗanda suka yi suna wajen masu ɗora injin Lexus a kan Hilux da Land Cruiser.

Wannan hanya tana dacewa idan ƙwaƙwalwar asali ta ɓata kuma ba a samun irinta, ko an ƙara wa inji turbo, ko an sauya kamshaf da nozul, ko kuma ƙwaƙwalwar asali ta ƙi aiki sai tare da sauran kwamfutocin motar da ta fito.

AKWATI NA 2: MUHIMMAN KALMOMI
Imobilaiza: tsarin tsaro da ke hana inji tashi sai da makullinsa na asali.
'Yar goyo: ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke aiki a bayan ta asali.
Mai cin gashin kanta: ƙwaƙwalwar kasuwa da ke maye gurbin ta kamfani gaba ɗaya.
Ƙofar shiga: wurin da saƙon sensa ke shiga ƙwaƙwalwa.
Ƙofar fita: wurin da umarni ke fita zuwa nozul, koyil, rile ko bawul.

TAMBAYA TA FARKO: HAƘORAN KARANSHAF

Mutane da yawa sukan fara da tambayar wane kamfani ya fi. Wannan tambaya ta ƙarshe ce. Ta farko ita ce: ƙwaƙwalwar nan za ta iya karanta karanshaf ɗin injina?

A jikin karanshaf, ko a gefen fulawil, akwai wani faifai mai haƙora. Sensa tana kusa da shi tana ƙirga haƙoran yayin da suke wucewa. A yawancinsu an cire haƙori ɗaya ko biyu da gangan, don giɓin ya zama alamar da ƙwaƙwalwa za ta fara ƙirga daga kanta. Kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kan tsari ɗaya ba. Injinan Turai da yawa masu amfani da kayan Bosch, irin su BMW, Volkswagen, Opel da Peugeot, suna da 60-2: gurbin haƙora 60, an cire 2, saura 58. Ford ya fi amfani da 36-1. Injinan Toyota da yawa na zamani suna da 36-2. Wasu tsofaffin injinan Nissan suna da faifai mai ramuka 360 da ake karantawa da haske.

Misali na 1. Zagaye ɗaya digiri 360 ne. A faifan 60-2, tsakanin haƙori da haƙori 360 ÷ 60 = digiri 6. A faifan 36-2 kuwa, 360 ÷ 36 = digiri 10. Idan aka gaya wa ƙwaƙwalwa faifan 60-2 ne alhali 36-2 ne, za ta jira haƙora 58 kafin giɓi, sai giɓin ya zo bayan 34. Za ta ɗauka saƙon ya lalace, ta ƙi sakin wuta. Mai riwaya zai kwana yana neman wayar da ta tsinke, kuma babu wadda ta tsinke.

Ita kanta sensar iri biyu ce. Akwai mai maganaɗisu, yawanci mai waya 2, wadda ke samar da wutarta da kanta, ƙarfin saƙonta yana ƙaruwa da gudun inji. Akwai nau'in Hall, mai waya 3, wadda sai an ba ta wuta. Ana samun mai maganaɗisu da waya ta uku ta kariya, don haka ƙirga waya kaɗai bai isa ba, a nemi takardar injin. Kowane kamfanin ƙwaƙwalwa yana buga jerin faifan da na'urarsa ta sani. Ku nemo injinku a jerin da idonku. Idan babu shi, ko a sauya ƙwaƙwalwa, ko a je wurin mai injin sassaƙa ƙarfe ya ɗora sabon faifai a gaban fuli, wanda ƙarin aiki ne da ƙarin kuɗi.

Sensar karanshaf ita kaɗai tana iya tayar da inji. Amma karanshaf yana juyi biyu kafin kowace silinda ta kammala aikinta, saboda haka ƙwaƙwalwa ba za ta san wace silinda ce ke kan matsa iska ba sai da sensar kamshaf. Idan babu ita, sai a haɗa silinda biyu-biyu su sami wuta tare, misali 1 da 4, 2 da 3 a inji mai fulogi 4. Wannan tsari yana aiki lafiya, motocin kamfani da yawa ma da shi suka fito.

ƘIRGA ƘOFOFI

Bayan haƙora sai ƙirga. A ɗauki takarda a zagaya injin, duk abin da ke da soket a rubuta shi, a raba gida biyu: masu kai labari da masu karɓar umarni.

Misali na 2. Wani mai gona yana da tsohuwar Hilux, yana son a ɗora mata injin Toyota 1UZ-FE, mai fulogi 8 da lita 4.0, wanda ya fara fitowa a Lexus LS400 a 1989. Ya sami guda biyu a kasuwa. Ya ce wa makanikensa, "Oga, ai duk inji ɗaya ne, a ɗauki wanda ya fi sabunta." Makaniken ya ce, "Alhaji, suna ɗaya ne, amma bari mu ƙirga tukuna."

Tsohon samfurin yana da ƙarfin doki 250, distiribita 2, koyil 2, totur na waya, da faifai mai haƙora 12. Ƙofar wuta 2 ta ishe shi. Nozul 8 ne, amma ana iya haɗa su biyu-biyu a ƙofa 4. Ƙwaƙwalwa mai ƙofar mai 4 da ƙofar wuta 4, kamar allon Speeduino da aka fi sani, za ta iya ɗaukarsa.

Sabon samfurin, mai VVT-i, ya fito a 1997 da ƙarfin doki 290. Ga abin da suka ƙirga: nozul 8, koyil 8, bawul 2 masu juya kamshaf, bawul 1 mai sauya hanyar iska, motar totur ta lantarki, rilen famfon mai, rilen fankar lagireto, da wayar agogon juyi. Idan ana son kowace silinda ta sami nata umarni, ƙofa 16 ke nan na mai da wuta kaɗai, ga ƙarin 6 a ƙalla, ga totur da ke bukatar ƙofa ta musamman. Faifansa 36-2 ne. Ƙwaƙwalwar da za ta ɗauki wannan duka tana cikin masu tsada. Ƙarin doki 40 ɗin ya zo da ƙarin kuɗi masu yawa, kuma motar gona ba tsere za ta yi ba. Suka ɗauki tsohon samfurin.

A kan kowace ƙirga a ƙara ƙofa biyu ko uku na ajiya. Gobe za a so a haɗa AC ko fanka ta biyu.

Abu biyu kuma ana auna su da mita. Nozul akwai mai kimanin om 12, wanda kusan kowace ƙwaƙwalwa ke iya tuƙawa kai tsaye, akwai mai om 2 zuwa 3, wanda ke jan wuta da yawa, sai an sa masa resisto ko ƙwaƙwalwar ta kasance an gina ta don irinsa. Koyil ma akwai mai ignaita a cikinsa, akwai wanda sai an sa masa ita a waje. Kuskure a nan yana ƙona ƙofar fita, wani lokaci a ranar farko.

ABUBUWAN DA KE TOSHE HANYA

Giya otomatik. A motocin Toyota da yawa, har da LS400, birenbos ɗin inji shi ne ke sauya giya. Idan aka cire shi, giyar ta zama marainiya. Sai a sayi na'urar giya dabam, ko ƙwaƙwalwar da ke iya duka biyun, ko a koma giyar hannu.

Tsarin CAN. Bosch ya gabatar da shi a 1986: waya biyu da kwamfutocin mota ke magana da juna ta kansu. A sababbin motoci, agogon dashbod, birkin ABS, sitiyarin lantarki da AC duk suna jiran saƙo daga birenbos ta wannan hanya. Idan sabuwar ƙwaƙwalwa ba ta iya yaren motar ba, inji zai tashi amma agogo ya mutu, sitiyari ya yi nauyi, fitilun gargaɗi su cika dashbod. Shi ya sa sauya inji a tsohuwar mota ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Inji mai fesa mai kai tsaye cikin silinda, irin FSI na Volkswagen ko D-4 na Toyota. Nozul na yau da kullum yana aiki da matsi kimanin bar 3. Waɗannan suna kaiwa bar 100 ko fiye, kuma ƙwaƙwalwar kasuwa kaɗan ce ke iya tuƙa su. Mai koyo ya bar su da ƙwaƙwalwarsu ta asali.

MAI SAITI

Ƙwaƙwalwa mai cin gashin kanta tana zuwa ne kusan babu komai a cikinta. Abin da kamfani ke bayarwa jadawalin farawa ne, wanda zai tayar da inji a gareji. Ba na hawa titi ba ne. Sai wani ya zauna da kwamfuta ya cika lambobin ɗaya bayan ɗaya, kuma ingancin motar gaba ɗaya yana hannun wannan mutum.

Fetur yana ƙonewa tsaf idan kilo 14.7 na iska ya haɗu da kilo 1 na mai. Wannan shi ne ma'aunin tafiya a hankali. Idan aka taka totur har ƙasa, inji maras turbo yana son ƙarin mai, wajen 12.5 zuwa 13, mai turbo kuma wajen 11.5 zuwa 12, domin ƙarin man yana sanyaya cikin silinda. Sensar salansa ta kamfani a yawancin tsofaffin motoci tana nuna ne kawai ko an wuce 14.7 ko ba a kai ba. Mai saiti yana bukatar sensa mai faɗin awo, irin Bosch LSU 4.9, wadda ke faɗin ainihin lambar. Duk wanda ya ce zai yi saiti da kunne da warin hayaƙi, kada ku ba shi motarku.

Lokacin wuta ya fi mai haɗari. Idan wuta ta yi wuri fiye da kima, sauran gaurayen da ke gefen silinda yakan fashe da kansa, a ji wata ƙara ƙas-ƙas a inji lokacin hawa tudu ko ɗaukar kaya. Wannan ƙara tana fasa fistin da ring. Zafi yana ƙara ta, haka ma fetur maras kyau. A Sakkwato, Maiduguri ko Yamai zafi yana wuce digiri 40 a watan Afrilu, kuma direba a hanyar ƙauye wani lokaci ba shi da zaɓi sai man bumburutu. Jadawalin da aka sauko da shi daga intanet, wanda wani ya rubuta a ƙasa mai sanyi da fetur mai inganci, bai san wannan ba. Saboda haka a zaɓi ƙwaƙwalwar da ke karɓar sensar ƙwanƙwasa, mai jin wannan ƙara, da sensar zafin iska, kuma a roƙi mai saiti ya bar rata, kada ya matse injin don neman doki biyar.

Misali na 3. An saita mota a Legas da tsarin da ke duba totur kaɗai don auna mai. Aka kai ta Jos, mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, inda matsin iska ya ragu da kimanin kashi 13 cikin 100. Totur bai san an hau tudu ba, sai ƙwaƙwalwa ta ci gaba da ba da man Legas ga iskar Jos. Mai ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi. Da an yi amfani da sensar matsin iska ta MAP, ko sensar MAF mai auna nauyin iska, da ƙwaƙwalwar ta rage man da kanta. Ita ma MAP tana da iyaka: ta inji maras turbo tana tsayawa wajen kPa 100. Idan turbo yana ƙara bar 0.8, matsin zai kai wajen kPa 180, sai an sa MAP mai bar 2 ko fiye.

Daga nan shawara mafi nauyi a wannan darasi ta fito. Kafin ku sayi kowace ƙwaƙwalwa, ku nemo wanda zai saita ta, ku tambaye shi wacce ya iya, ku ga motar da ya yi tana tafiya. Kowane kamfani yana da manhajarsa. Na'ura matsakaiciya a hannun wanda ya san ta ta fi mai tsada da babu mai iya buɗe ta a jiharku. Ku tambaya kuma: yana da daino, wato na'urar da ake ɗora mota a kai a gwada ta da nauyi tana tsaye, ko a titi zai yi? Zai ba ku kwafin jadawalin ku ajiye? Zai sa masa kalmar sirri? Idan na'urar ta ƙone a hanyar Agadas ko Yola, a ina za a sami wata?

LISSAFIN KUƊI

Misali na 4. Waɗannan lambobi na koyon lissafi ne kawai, ku sa farashin kasuwarku a madadinsu. Mai cin gashin kanta: akwati ₦900,000, waya da soket ₦250,000, sababbin sensa ₦200,000, na'urar giya ₦400,000, aikin mai riwaya ₦150,000, saiti ₦300,000. Jimla ₦2,200,000. Akwatin da aka yi ta ciniki a kansa bai kai rabin kuɗin ba. Ƙwaƙwalwar asali: ƙarin da mai kaya zai nema don birenbos, damin waya da makulli ₦450,000, aikin mai riwaya ₦200,000. Jimla ₦650,000.

Akwai kuma jabun na'urori da ake tallatawa a intanet da sunan manyan kamfanoni a rabin farashi. Araha ba ta ado. A saya daga dilan da kamfanin ya amince da shi.

WAYA DA TAKARDU

Yawancin laifin da ake ɗora wa ƙwaƙwalwa na waya ne. Wayar at (negatif) ta sensa ta koma jikin ƙwaƙwalwa, kada a ɗaura ta a bodi. Wayar sensar karanshaf ta zama mai rigar kariya, a nesanta ta daga koyil da altaneta. Famfon mai, koyil da nozul kowanne ya bi ta rile da fiyus. A ajiye akwatin a cikin mota, nesa da zafin salansa da ruwan masu wankin inji. Kafin a yi walda a jikin mota a cire batir, a zare soket ɗin ƙwaƙwalwa.

Takardun mota suna ɗauke da lambar inji, don haka bayan sauyi a je ofishin lasisi a gyara. A ƙasashen da ake gwajin hayaƙi ta soket ɗin OBD-II, wanda ya zama dole a Amurka tun 1996, mota mai ƙwaƙwalwar kasuwa sau da yawa ba ta cin gwajin.

TAMBAYOYIN BITA

1. Waɗanne shawarwari biyu ƙwaƙwalwar inji ke yankewa, kuma daga ina take samun labari?
2. Inji mai fulogi 6 yana ba da wuta sau 3 a kowane juyi. Wuta nawa ke nan a daƙiƙa ɗaya idan yana juyi 2,400 a minti?
3. Lissafa abubuwa biyar da ya kamata a karɓo tare da injin tokumbo.
4. Haƙora nawa ne a zahiri a faifan 36-1, kuma digiri nawa ne tsakanin haƙori da haƙori?
5. Me ya sa ƙwaƙwalwar gas ta CNG take cikin rukunin 'yar goyo?
6. A Misali na 2, me ya sa aka bar injin da ya fi ƙarfi? Da motar ta tsere ce, shawarar za ta sauya? Kawo dalili.
7. Bayyana abin da zai faru da giya otomatik da agogon dashbod idan aka cire birenbos na asali.
8. Me ya sa jadawalin da aka rubuta a ƙasa mai sanyi zai iya lalata inji a Sakkwato?
9. Rubuta tambayoyi huɗu da za a yi wa mai saiti kafin a sayi na'ura.
10. Aikin gida: ku ziyarci gareji mafi kusa, ku zaɓi inji ɗaya, ku ƙirga ƙofofin shiga da na fita da yake bukata, sannan ku rubuta wace hanya cikin ukun ta dace da shi idan za a ɗora shi a motar haya.